Akwatin Masu Karatu: Ta yaya ake gane finafinan da za su shiga takarar Oscar tun kafin a faɗa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya ne, wato hasashen waɗanda za su shiga jerin ƴan takarar kyaututtukan fim na shekara shekara na Amurka da ake kira Oscar, saboda haka na tattaro su wuri guda. Waɗanda suka turo tambaya a kan wani abu daban su yi haƙuri, saƙonsu na nan a ajiye.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dalibi ne a Zariya, duk shekara ina ganin kana lissafo finafinan da kace za su shiga Oscar kuma sai a wayi gari yawancinsu sun shiga, ni kuwa wanda nake ganin ya fi kowanne daɗi ko sunansa ba na ji an ambata. Dan Allah wane sirri ne a ciki, ko kana da wani a can ne da yake tsegunta maka?

AMSA: Ƙanina ba ni da kowa a can wallahi, kuma ko da ina da shi ba abin da zai tsegunta min, don ƙuri'un wani kamfanin akantoci ne mai suna PricewaterhouseCoopers yake ƙirga su a ɓoye tun shekarun 1930, su kansu shugabannin hukumar da ke ba da kyautar ba sa sanin wanda ya ci sai an zo faɗa. Inda kake yin kuskure shi ne kai fim kake kallo, ni kuma masu zaɓen nake kallo.

Bari in kawo maka shi kusa. Ka san yadda zaɓen fidda gwani yake a jam'iyya ai, mutum zai iya zama duk gari ana sonsa, yara na waƙarsa, fastocinsa sun cika ko'ina, amma ranar firamare ba jama'ar gari ne za su shiga filin ba, daliget ne, in ba ka san su waye daliget ba da abin da suke so to ba ka san komai ba. Haka Oscar take. Hukumar da ke ba da ita, wato Academy, an kafa ta a 1927 aka yi bikin farko a 1929, yanzu masu jefa ƙuri'a a cikinta sun kai wajen mutum 10,000 kuma dukkansu ƴan sana'ar fim ne, an kasa su reshe reshe. Wajen fidda ƴan takara kowane reshe nasa yake zaɓa, jarumai su zaɓi jarumai, daraktoci su zaɓi daraktoci, masu ɗaukar hoto su zaɓi nasu, editoci nasu, marubuta nasu. Gwarzon fim, wato fim ɗin da ya fi kowanne a shekara, shi ne kowa da kowa yake sa hannu a ciki tun daga farko, shi guraben sa 10 ne, sauran rukunan kuma kusan duk biyar biyar. Reshen jarumai ya fi kowanne yawan mutane, shi ya sa fim ɗin da ya ba ƴan wasa damar baje kolinsu, a yi kuka a yi faɗa a yi dogon zance mai taɓa zuciya, yake yawan samun shiga fiye da fim ɗin da duk ƙarfinsa a fashe fashe ne da aikin kwamfuta, ko da kuwa na biyun ne ya kwashe kuɗin duniya a sinima.

To tunda ba za ka iya shiga zuciyar mutum 10,000 ba sai ka bi sawu. Ni ina da wani littafi mai bango baƙi irin na ƴan makaranta, duk shekara nake ja masa layi da rula, sunan fim a hagu, sai in yi ta yin maki da jan biro duk inda fim ya ɗaga kai. Ina farawa tun watan Mayu da bikin Cannes na Faransa, sai ƙarshen Agusta zuwa Satumba inda abin yake zafi, Venice a Italiya, Telluride wani ɗan ƙaramin gari a cikin duwatsun Colorado ta Amurka, sai Toronto a Kanada. Na Toronto ɗin nan ka riƙe shi da kyau, suna da kyautar da ƴan kallo ke zaɓa, kuma an sha gani fim ya ɗauke ta ya zarce har gwarzon Oscar, an gani a finafinan 2008 da 2010 da 2013 da 2018 da 2020. Cannes a da ana ganin finafinanta sun yi wa Amurkawa nauyi amma yanzu abin ya sauya, fim ɗin Koriya ta Kudu ɗin nan Parasite a can ya fara cin babbar kyauta a 2019, ya zo a 2020 ya zama fim na farko da ba da Turanci aka yi shi ba da ya ci gwarzon Oscar, sannan wanda ya ci Cannes a 2024 shi ma shi ya ɗauke Oscar a 2025. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Daga Disamba zuwa Janairu sai ƙungiyoyi su fara fitar da nasu jerin, a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa don suna ɗaukar kowace kyauta nauyinta ɗaya. Golden Globes tana da suna da ƙyalƙyali amma masu zaɓenta ƴan jarida ne ƴan ɗaruruwa, ba su ne za su jefa ƙuri'ar Oscar ba, amfaninta kawai ta sa a yi ta zancen fim har mai ƙuri'a ya ce bari dai in kalla. Haka ƙungiyoyin masu sharhin fim na New York da Los Angeles. Waɗanda nake ba maki biyu a littafina su ne ƙungiyoyin ƴan sana'ar da kansu, ta jarumai da ake kira SAG, ta furodusoshi PGA, ta daraktoci DGA, sai BAFTA ta Ingila, saboda mutanen da ke cikinsu da yawa su ne dai a cikin Academy ɗin, kamar ka ji ra'ayin daliget ne a wajen ɗaurin aure kafin ranar zaɓe. Fim ɗin da ya bayyana a duk huɗun nan ka rubuta shi da biro, wanda ya bayyana a ɗaya kacal ka rubuta da fensir.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ke lura da shi ba. Ƙuri'ar ba dangwale ɗaya ba ce, jerawa ake yi, na ɗaya na biyu na uku. Wajen shiga takara fim ɗin da mutane kaɗan suka haukace a kansa suka sa shi na ɗaya ya fi wanda kowa ya ce ba laifi ya sa shi na shida, amma wajen cin gwarzon fim a ƙarshe sai abin ya juya, ana ta zubar da na ƙasa ana raba ƙuri'unsa ga zaɓi na biyu har sai wani ya haura rabi, kaga nan fim ɗin da ba wanda ya tsane shi ne yake wucewa. Saboda haka in ina lissafin masu shiga tambayar da nake yi ita ce wa ake mutuwar so, in ina lissafin mai ci kuma wa ba a ƙi.

Duk da haka fa ana shan mamaki, kuma ni ma na sha. A Janairun 2013 ba ni kaɗai ba kusan duk mai hasashe ya rubuta Ben Affleck a jerin daraktoci, aka karanto sunaye biyar babu shi, na sake duba wayata sau uku ina zaton shafin ne bai gama buɗewa ba, kuma fim ɗin nasa ya zo ya ci gwarzon fim a shekarar. Abin da na koya ranar shi ne reshen daraktoci ƴan ɗaruruwa ne kawai, suna da nasu ra'ayin, suna son sako wani daga Turai ko Asiya wanda ba a zata ba, tun daga nan kullum nake bar musu gurbi ɗaya. A 2023 kuma wata jaruma ƴar Ingila Andrea Riseborough ta faɗo jerin mata biyar da wani ƙaramin fim da kusan ba wanda ya kalla a sinima, manyan jarumai ne suka yi ta yabonta a soshiyal midiya a daidai kwanakin jefa ƙuri'a, har sai da hukumar ta zauna ta duba ko an karya doka, ta bar mata gurbinta amma ta ƙara tsaurara dokokin kamfen. Fim ɗin da kake so da ba ka ji sunansa ba, ka duba ka gani, galibi ko dai ya fito tun farkon shekara an manta da shi, ko kamfaninsa bai kashe masa kuɗin talla ba, ko kuma irin fim ɗin da ƴan sana'ar ba sa ɗauka da nauyi ne kamar na ban dariya da na ban tsoro. Wannan bai rage masa daɗi ba ko kaɗan, ka ci gaba da son abinka.

TAMBAYA: Malam ni dai tsoro nake ji maka, wannan faɗin abin da zai faru gaba ba shi ne duba ba? Kuma na ga wasu samari a unguwarmu har kuɗi suke sawa a kai. Daga ƴar'uwarka a Gusau.

AMSA: Na gode ƴar'uwa da wannan kulawa, Allah ya bar zumunci. Gaibu na Allah ne shi kaɗai, ni ban taɓa cewa na san abin da zai faru ba. Manomi in ya ga hadari ya haɗo daga gabas iska ta juya ya ce yau da alamar ruwa ai ba duba ya yi ba, alama ya karanta, wani lokacin a yi ruwan wani lokacin hadarin ya watse. Abin da nake yi kenan. Amma maganar sa kuɗi wannan caca ce kai tsaye ko da wane suna aka kira ta, kuma na san akwai kamfanonin caca da suke buɗe wa Oscar shafi kamar yadda suke yi wa ƙwallo. Ban yarda wani ya ɗauki lissafina ya je ya zuba kuɗin abincin gidansu ba, in kina da ƙane a cikinsu ki ja masa kunne, ki ce ni na ce.

TAMBAYA: Yallabai mu fa har yanzu abin na mana ciwo. An ce an kai fim ɗinmu na Hausa Mai Martaba Oscar, muka yi ta murna muna yaɗawa cewa an zaɓe shi, daga baya shiru kake ji. Wasu na cewa wariya ce kawai aka nuna mana don mu baƙaƙe ne kuma Musulmi. Mene ne gaskiyar magana, kuma yaushe kake hasashen fim ɗin Hausa zai shiga? Daga wani mai ɗaukar hoto a masana'antar fim, Kano.

AMSA: Ɗan'uwa ni ma na ji wannan ciwon, ranar da aka fitar da jerin ƙasashen da suka tsallake tacewar farko a Disambar 2024 ina zaune a shagon wani abokina muna jiran a kawo wuta, na karanta sunayen ƙasashe goma sha biyar ɗin nan daga sama har ƙasa babu Najeriya, na kife wayar a kan benci na yi shiru. A littafina ban sa shi a masu wucewa ba, amma zuciya ai ba ta bin littafi.

Sai dai mu fara gyara wata magana da ta yaɗu. Tura fim daban, shiga takara daban. A rukunin finafinan ƙasashen waje kowace ƙasa fim ɗaya take turawa a shekara, a Najeriya akwai kwamitin da aka ɗora wa wannan aikin, shi ya zaɓi Mai Martaba na darakta Prince Daniel Aboki wanda aka ɗauka a Daura, Adam A. Zango na ciki. Wannan kaɗai abin alfahari ne babba, amma matakin farko ne. Ƙasashe sama da 80 ne suke turawa, a tace a bar 15 a Disamba, a sake tacewa a bar 5 a Janairu, waɗannan biyar ɗin su ne ƴan takara. Najeriya har yau ba ta taɓa shiga ko cikin 15 ɗin ba. A 2019 muka fara turawa da Lionheart na Genevieve Nnaji aka cire shi tun kafin a fara, don doka ta ce dole fiye da rabin maganar fim ta zama ba da Turanci ba, shi kuwa Ibon da ke cikinsa bai kai na minti 12 ba. A 2020 aka tura The Milkmaid wanda yawancinsa da Hausa ne, shi ne wanda Maryam Booth ta ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA da shi, 2021 da 2022 ba a tura komai ba har rigima ta tashi a kai, 2023 aka tura Mami Wata, sai namu a 2024. Ka lura da wani abu a nan, wannan dokar ta harshe da ta kayar da fim ɗin kudu mu gata ce a wajenmu, mu da ma da harshenmu muke fim tun fil azal, ba sai mun ƙaƙaro ba. Maƙwabtanmu ma suna ƙoƙari, Nijar ta tura nata na farko a 2018 na Rahmatou Keïta, Chadi ta sha tura na Mahamat-Saleh Haroun, Ghana da Kamaru da Sudan duk sun tura.

Maganar wariya ba zan ce maka babu ita ba, su kansu Amurkawa sun yi wannan faɗan, a 2015 da 2016 shekara biyu a jere duk jarumai 20 da suka shiga takara farare ne, aka yi ta ƙorafi har hukumar ta buɗe ƙofa ta gayyato dubban sababbin mambobi daga ƙasashen duniya, cikinsu har da ƴan Najeriya irin su Omotola da Genevieve da Funke Akindele. Kuma in ka duba duk tarihin rukunin sau uku kacal fim ɗin da wata ƙasar Afirka ta tura ya ci, Aljeriya a 1970, Kwaddibuwa a 1977, Afirka ta Kudu a 2006, wannan ai ba adalci ba ne ga nahiya guda. Amma in muka tsaya a wariya kawai mun cuci kanmu. A 2015 fim ɗin Muritaniya na Abderrahmane Sissako a kan Timbuktu, labarin Musulmi baƙaƙen fata a Sahel irin namu, ya shiga cikin biyar. A jerin 15 ɗin da babu mu a 2024 akwai Senegal. Me suka fi mu? Na Muritaniya daga gasar Cannes ya taso, na Senegal kuma sai da ya ci babbar kyautar Berlin a Jamus, kafin Disamba masu ƙuri'a sun riga sun ji sunansu sun karanta sharhi a kansu, akwai kamfanin da ya saye su yana haska su a Los Angeles da New York yana gayyatar mambobi su zo su kalla su gana da darakta. Mai ƙuri'a mutum ne mai aikin gabansa, an jibge masa finafinai 80 da wani abu, wanda ya taɓa jin labarinsa zai fara dannawa. Kamfen ɗin nan kuɗi yake ci na fitar hankali, kuma da dala.

Tunda kai mai kyamara ne bari in faɗa maka abin da yake hannunku, don kuɗin kamfen ba a hannunku yake ba. Sauti. Wallahi sauti ya fi kashe finafinanmu a waje fiye da hoto, a ji murya ta yi sama ta yi ƙasa, ƙarar janareta a baya, kiɗa ya danne magana. Sai fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, wadda sau da yawa ake ba wani yaro ya yi ta a kwana biyu, alhali baƙon da ba ya jin Hausa wannan rubutun shi ne fim ɗin gaba ɗaya a wajensa, duk wata karin magana da habaici da muke jin daɗinsu in fassarar ta mutu sun mutu. Sai kuma a shirya fim tun daga rubutu da niyyar kai shi bukukuwan duniya, a fara da na kusa irin FESPACO ta Wagadugu, gasar finafinan Afirka da ake yi a Burkina Faso tun 1969, wadda ɗan Nijar Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautarta a 1972. Shekarar da za mu shiga ba zan yanka maka ba, amma alamar da nake jira a littafina ɗaya ce, ranar da na ga fim ɗin Hausa a cikin gasar Cannes ko Venice ko Berlin ko Toronto, to a shekarar zan rubuta sunanmu da biro.

TAMBAYA: Yaro, ni dattijo ne na kalli finafinan Indiya tun ana zuwa sinima a zauna a filin Allah ta'ala. Duk duniya ba masu yin fim kamar su, me ya sa ban taɓa jin ka sa su a lissafinka ba? Daga Maraɗi.

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba raini ba ne, tarihi nake bi. Indiya ta fi shekara 60 tana turawa amma sau uku kawai ta shiga cikin biyar, Mother India da na tabbata kun kalla ya shiga a 1958, sai wani a 1989, sai Lagaan na Aamir Khan a 2002, kuma ba wanda ya ci. Dalili na farko doka ce, ƙasar da ke fitar da finafinai sama da dubu a shekara da harsuna barkatai ita ma fim ɗaya tak aka yarda ta tura kamar kowa, kuma kwamitinsu ya sha barin wanda duniya ke zance ya ɗauki wani. A 2022 duk Amurka zancen wani fim ɗinsu mai suna RRR ake amma ba shi suka tura ba, sai masu shi suka bi ta wata ƙofar da kuɗinsu, waƙarsa ta shiga takara kuma ta ci a 2023. Na biyu kuma abin da mu muke so a fim ɗin Indiya, tsawon awa uku da waƙa shida da soyayya da faɗa da kuka duk a kwano ɗaya, su masu ƙuri'ar can ba su taso da shi ba kamar yadda muka taso da shi. Suna da tasu kyautar a gida irin su Filmfare da ake yi tun 1954, a can ne ake auna su da mudun da ya dace da su.

TAMBAYA: Malam ka iya hasashen na Turawa, to namu na gida fa? Me ya sa ba ka taɓa yi mana na kyaututtukan Kannywood ba? Daga wata mai bibiyarka a Jos.

AMSA: Ƙanwata kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na Afirka ina ɗan taɓawa, AMAA da marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta kafa aka fara a 2005 alƙalai ne ke zaɓe, kina iya karantar irin abin da suke so, AMVCA kuma da aka fara a 2013 a Legas wasu rukunan alƙalai ne wasu kuma jama'a ke zaɓa ta waya da intanet, a irin waɗannan ba wahala, duba wanda ya fi mabiya kuma ya fi nacin roƙon a zaɓe shi.

Na gida kuwa abin da ya sa nake ja da baya shi ne hasashe sai da ƙa'ida. In ban san su waye alƙalai ba, ban san daga wane wata zuwa wane wata fim zai fito ya cancanta ba, ban san ko bana za a yi bikin ko sai an samu mai ɗaukar nauyi ba, to me zan lissafa? Na taɓa zuwa wani biki, ba zan faɗi suna ko gari ba, ina zaune kusa da ƙofar baya na ga da idona ana leƙa zaure ana duba wa ya zo wa bai zo ba, takarda a hannu ana gogewa ana sake rubutawa, wani yaro da ya yi wasan da duk shekarar ba a yi kamarsa ba yana zaune a layin baya da sabuwar shaddarsa har aka tashi ba a kira shi ba, aka ba wani babba da ya iso a makare. Na bi shi waje na gaishe shi, ya yi murmushi ya ce ba komai Malam, amma idonsa ya kaɗa. Wannan abin ya daɗe yana damuna, don masana'antar nan tana da masu basira ta gaske, marubuta da editoci da masu kwalliya da masu haɗa sauti waɗanda ba wanda ya san fuskarsu, kyauta ta gaskiya ita ce kaɗai ranar da za a kira sunansu a tafa musu. Ba na cewa duk masu shirya bukukuwanmu haka suke, akwai masu ƙoƙari da aljihunsu kuma ina jinjina musu. Ita ma Oscar ba tsarkakakkiya ba ce, a 2014 sai da aka soke takarar wata waƙa don mai ita ya tura wa masu ƙuri'a saƙo, a 2017 aka miƙa ambulan ɗin da ba shi ba aka sanar da fim ɗin da bai ci ba a gaban duniya, sai a 2025 ma suka sa dokar cewa dole mutum ya kalli duk finafinan rukuni kafin ya yi zaɓen ƙarshe a cikinsa, kin ga kenan shekara da shekaru wasu na zaɓen abin da ba su kalla ba. Bambancin shi ne dokarsu a rubuce take kowa na iya karantawa, in an karya a gani. Duk bikin gida da ya wallafa dokokinsa da ranakunsa ya bar editoci su zaɓi edita marubuta su zaɓi marubuci, na yi alkawari zan buɗe masa shafi a littafina in yi masa hasashe a wannan filin, har da finafinai masu dogon zango na YouTube da tashoshi tunda yanzu can kasuwar ta koma.

TAMBAYA: Wane lokaci ake sanar da sunayen, kuma a ina zan gani? Daga Kumasi.

AMSA: Yawanci a watan Janairu ne, da asubar Los Angeles wajen ƙarfe 5:30, wato 2:30 na rana a Najeriya da Nijar, ku a Ghana 1:30. Hukumar tana haskawa kai tsaye kyauta a shafinta na YouTube kuma ba ya wuce rabin awa, data kaɗan ta isa. Shi bikin ba da kyautar yawanci a Maris ne, a wajenmu tsakar dare yake kamawa har zuwa gab da asuba, ni dai ba na hana kaina barci saboda shi, da safe nake duba sakamako in ɗauko jan biro. Jerin hasashena na bana zai fito a wannan filin da zarar ƙungiyar jarumai da ta furodusoshi sun fitar da nasu, mai so ya rubuta nasa goman ya turo mu gwada.